Fashin Baƙi: Idan Fitilun Dashbod Suka Mutu a Tsohuwar Mota

Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000 ba ta ƙare a titunan Bauchi ba. Fikof ɗinta na nan tana dakon buhuna a bakin kasuwar Muda Lawal, akwai kuma dattawan da suka ƙi rabuwa da ƙaramarta, a wanke a goge a fito da ita ranar Juma'a. Haka tsohuwar Mercedes ƙirar W123 da aka yi tsakanin 1976 da 1986, da ɗaiɗaikun Volkswagen Beetle irin waɗanda aka taɓa haɗawa a Legas. Injinan waɗannan motoci suna da rai, bakanike ya san su ciki da bai. Abin da ke gajiya a ɓoye shi ne wayarin: roba ta bushe, tagulla ta yi kore, ƙananan faifan ƙarfe da ke riƙe fiyus da ƙwan fitila sun saki. Kuma yawanci a dashbod gajiyar ke fara bayyana.

Mai mota kan isa wajen mai wayarin ya ce, "Malam, dashbod ɗina ya mutu." Wanda ya san aikinsa ba zai taɓa sukundireba ba sai ya tambaya, "Wanne daga ciki, Alhaji? Na haske ko jajayen?" Tambayar tana da dalili, domin fitilun da ke cikin wannan akwati ɗaya ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai masu haska fuskar mita da geji da daddare, su suna samun wuta ne daga makunnin fitilu, lokaci ɗaya da ƙananan fitilun gaba da jajayen baya. Akwai jajayen fitilun gargaɗi, na caji da na baƙin mai, wani lokaci da na birki, su kuma daga makullin mota suke sha. Sai masu ba da labari kawai, kamar koriyar sigina da shuɗiyar babbar fitila, waɗanda ke rataye a jikin wayar abin da suke nunawa. Wanda ya gane wace ƙungiya ce ta mutu ya gama rabin bincike bai kwance noti ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damun direbobi shi ne na haske, saboda shi ido ke gani. A nawa ra'ayin, shi ne mafi ƙarancin haɗari a kan kansa, amma yana iya zama ɗan saƙon wani abu mafi muni. A motoci da yawa fiyus ɗaya ne ke ciyar da hasken dashbod da jajayen fitilun baya da na lamba. Don haka idan kana tafe da daddare tsakanin Alkaleri da Gombe ka ga mita ta yi duhu, abu na farko ba dashbod ba ne. Ka sauka gefen titi, ka zagaya ka dubi bayan motar. Idan can ma duhu ne, to tirelar da ta ɗauko siminti daga Ashaka ba za ta gan ka ba sai ta zo dab da kai. Wannan zagayen kuma shi ne gwajin farko: in baya da dashbod duk sun mutu, a nemi fiyus ko makunnin fitilu, in baya na ci lafiya, matsalar tana tsakanin makunni da akwatin mita.

Kafin a shiga ciki, akwai ƙa'ida ɗaya da komai ke bi. Wutar batir kamar ɗan aike take, ba ta cika aiki sai ta je ta dawo gida. Tana fita daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi fiyus, ta bi makunni, ta ratsa ƙwan fitila, sannan ta koma ta jikin ƙarfen motar zuwa ɗaya kan batir. Hanyar dawowar nan ita masu wayarin ke kira at. Duk inda wannan zagaye ya yanke, fitila ba za ta kama ba, kuma ƙwan bai san ko a tafiya aka yanke ko a dawowa ba. Mutane kan binciki hanyar tafiya kaf su mance da ta dawowa, alhali a motar da ta sha damina 30 ko 40 nan tsatsa ta fi zama.

Fiyus ɗin waɗannan motoci, musamman na Jamus, ba irin na roba mai ƙafa biyu ba ne da ake gani a motocin yanzu. Ɗan dunƙule ne mai tsini biyu, da siririn ƙarfe kwance a bayansa, an maƙale shi tsakanin faifai biyu. Launinsa ke faɗin ƙarfinsa: rawaya amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. Halinsa shi ne ya yi kyau a ido alhali ba ya wuce da wuta. Tsinin nan biyu kan yi farin gari ko baƙi-baƙi, faifan da ke danne shi kuma ya yi laushi. Shi ya sa za ka ga tsohon direba ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari ya murza fiyus da yatsa biyu, fitila ta kawo. Ba sihiri ya yi ba, dattin ya kankare. Gyaran gaskiya shi ne a cire kan batir, a fitar da fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita gurabensu, a goge faifan da sanfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, a ɗan matso su, a sa sababbi. Idan ana samun masu ƙarfen tagulla a zaɓe su a kan masu farin ƙarfe, sun fi jure tsatsa.

Idan kuwa fiyus ya ƙone da gaske, aka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta kwaye tana taɓa bodi. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace. Yaron gareji ya naɗa zaren waya a kan mataccen fiyus, ko takardar gwangwanin kwalin sigari, ko ya sa mai amfiya 25 a gurbin mai 8, ya ce, "Oga, ya yi." Fiyus an yi shi ne ya mutu don waya ta tsira. In aka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi a cikin damin wayoyi bayan dashbod, inda babu mai gani, kusa da soso da busasshiyar roba. Motar da ke hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari sau da yawa daga nan labarinta ya faro.

Akwai dabara mai sauƙi ta gano inda wayar ta kwaye ba tare da ƙona fiyus goma ba. A cire fiyus ɗin, a haɗa ƙwan sigina mai wat 21 a tsakanin faifan biyu. Muddin wuta na zurarewa zuwa bodi, ƙwan zai haska da dukan ƙarfinsa, kuma shi zai tare wutar kada ta ƙona komai. Sai a bi layin ana cire soket ɗaya-ɗaya, ana girgiza waya. Inda aka taɓa ƙwan ya dushe ko ya mutu, nan ɓarakar take. Wuraren da aka fi kamawa ba su da yawa: wayar fitilar lamba inda murfin but ke lanƙwasa ta kullum, soket ɗin fitilar baya da ruwa ya kwanta a ciki, inda waya ta ratsa ramin ƙarfe bayan robar da ke kare ta ta zube, sai kuma bayan rediyo. Rediyo kam sai an yi haƙuri. Kusan duk tsohuwar mota a garin nan ta ga rediyo uku ko huɗu, kowane mai ɗaurawa ya feɗe wayar da ta fi kusa da hannunsa ya murɗa ya naɗe da salatef, zafin watan Afrilu ya narkar da gam ɗin, tef ya zame. Motar da aka daɗe da ajiyewa kusa da buhunan masara kuma, a tuna da ɓera.

Yanzu a ce fiyus lafiya, fitilun baya na ci, dashbod kaɗai ke duhu. Wanda ake fara tuhuma shi ne maɓallin rage haske. Masu mota da yawa ba su ma san suna da shi ba. A Beetle kan makunnin fitilun kansa ake murzawa, a W123 ɗan ƙaramin maɓalli ne a fuskar akwatin mita. A cikinsa akwai siririyar waya murɗaɗɗiya da wani ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kanta. Gwargwadon tsawon wayar da wuta ta bi, gwargwadon raguwar haske. To abu ne da ba a taɓa shi shekara da shekaru, ƙurar hunturu na shiga, laimar damina na bi, har wurin da harshen ke zaune ya yi tsatsa. Wani lokaci mai wankin mota ne ya murɗe shi zuwa ƙarshe da tsumma bai sani ba. Kafin a kira kowa, a kunna ƙananan fitilu a murza shi hagu da dama sau da yawa. In haske ya yi ƙifta-ƙifta, an kama ɓarawo. Ana iya fesa masa maganin wanke makunnan lantarki, ko a kwance a goge. In wayar cikin ta tsinke, masu wayarin kan haɗe ƙafafunsa biyu da guntuwar waya, haske ya zauna a cike kullum. Wannan gyara ba ni da ja da shi, domin ba ya tsallake fiyus, kuma hasken waɗannan motoci ko a cike ba ya kashe ido.

Ƙwan fitila fa? Ana ɗaura su ne kowanne da hanyarsa, mutuwar ɗaya ba ta kashe sauran. Saboda haka in duka suka ɗauke a dare ɗaya, ba ƙwai ba ne. Sai dai akwai yaudara a nan: akwatin da ke da ƙwai huɗu na iya rasa ɗaya bana, ɗaya baɗi, mai mota na cewa idonsa ne ke raguwa, har na ƙarshe ya tafi ya ce duka suka mutu jiya. Idan an riga an fito da akwatin, a canza su gaba ɗaya. A kuma sa daidai ƙarfin da aka tarar. Galibinsu ƙanana ne, daga wat 1.2 zuwa 3 ko 4. Wanda ya cusa mai wat 5 don neman ƙarin haske zai narkar da robar soket da farar robar da ke rarraba hasken, ya koma da duhun da ya fi na da. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mafi yawan rashin hasken ma ƙura ce da ta lulluɓe ƙwan da cikin akwatin, tsumma mai ɗan laima ya isa.

Sai at, wadda ita ce ke sa mutum ya fara zargin aljanu. Idan wayar dawowa ta akwatin mita ta saki ko ta yi tsatsa, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanyar ta cikin sauran ƙwai da geji. Alamunta ba sa ɓuya ga wanda ya sani: ka kunna fitilu sai koriyar sigina ta yi ɗan haske alhali ba ka taɓa ta ba, allurar fetur ko ta zafi ta motsa da ka kunna fitila, ka sa sigina hasken mita ya riƙa rawa tare da ita, ka faɗa rami komai ya kawo, ka faɗa wani ya ɗauke. Direban da ke dukan saman dashbod da tafin hannu fitila ta dawo, at yake gyarawa ko soket mai sako-sako, na ɗan lokaci. Gwajin bai da wuya. A samu doguwar waya, a maƙala bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ragi, a taɓa ɗaya bakin a ƙarfen bayan akwatin mita ko inda wayar at ɗinsa take. In komai ya daidaita, magana ta ƙare. A nemo inda asalin wayar ke ɗaure a bodi, a kwance, a kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai. A motocin Jamus wayar at ruwan ƙasa ce, wannan na rage wahalar nema. Mai mitar awon wuta zai iya tabbatarwa da lamba: fitilu na kunne, a auna tsakanin ƙarfen akwatin da kan batir mai alamar ragi. Abin da ya kai rabin bolt, wato ma'aunin ƙarfin wuta, ya yi yawa ƙwarai, hanyar dawowa a toshe take.

Wasu akwatunan, musamman na ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama, ba wayoyi ne a bayansu ba, faranti ne ko leda mai zanen layukan tagulla. Motar da ke kwana a rana a Bauchi, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa balle a bayan gilashi, ledar nan takan bushe ta tsage, ko layi ɗaya ya ƙone lokacin da aka taɓa yin haɗin wuta. Ana gane shi da ido a ƙarƙashin haske mai kyau, ana kuma ɗinke shi da siririyar waya da dalma. Masu gyaran rediyo da talabijin sun fi yawancin masu wayarin hannu mai sanyi a wannan aiki.

Duk wannan game da hasken gani ne. Jajayen gargaɗi su ne inda kuɗi da rai suke, kuma su ne ba a kawo ƙararsu, domin fitilar da aikinta shi ne zama a kashe, wa zai lura ta mutu? Hanyar lura ɗaya ce: a murɗa makulli zuwa inda wuta ke kawowa, kada a tayar da inji, a duba. Ta caji da ta baƙin mai, in motar na da ita, dole su kama, su kuma mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba a wannan lokaci ba lafiya take nunawa ba, bakinta aka rufe.

Ta caji tana da wani aiki da ko wasu masu wayarin ba su cika bayyana wa mai mota ba. A yawancin tsofaffin altaneta, wato injin da ke cajin batir, ƙwan nan yana zaune ne tsakanin makulli da wata ƙafa a bayan altanetar, wadda a tsarin Jamus ake yi wa lamba 61 ko D+. Da ka murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan na ratsa ƙwan ta shiga naɗin wayar da ke juyawa a cikin altaneta, ta ba shi maganaɗisun farko. Da wannan ne altaneta ke fara haifar da wuta idan inji ya juya. Da ta fara, ɓangarorin ƙwan biyu sun zama ƙarfi ɗaya, sai ya mutu. Ma'ana, idan ƙwan ya ƙone, altaneta lafiyayya na iya ƙin yin caji, ko ta ƙi farawa sai an taka totur sosai. Sai batir ya riƙa sauka, a sayi sabo, shi ma ya sauka, a kwance altaneta a kai naɗi, alhali ɗan ƙwan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ne ya jawo. Ba kowace mota ke haka ba. Masu dainamo, wato injin caji na da kafin zuwan altaneta, ba sa dogara da ƙwan, wasu kuma allurar nuna ƙarfin batir gare su maimakon fitila. Amma duk wadda ke da fitilar caji da altaneta, a fara da ƙwan. Mitar awo za ta raba gardama: batir mai lafiya a kashe yana kusa da bolt 12.6, inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan fitilar ba ta mutu sarai ba, tana ɗan ja-ja da daddare, a duba fambel, da gawayin cikin altaneta, da dayod ɗinta, wato 'yan sassan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai.

Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da yayin sa ƙwan LED a ko'ina. Don hasken mita babu laifi, ba ya zafi, ba ya cin wuta, illa dai yana da gaba da baya, in bai kama ba a juya shi, kuma tsohon maɓallin rage haske ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata. Amma a gurbin fitilar caji, rashin cin wutar tasa shi ne aibinsa: abin da yake bari ya wuce bai isa ya tayar da altaneta ba. Nan a bar ƙwai mai zare irin na asali.

Mai Beetle kuma yana da ƙarin dalili. Injinta iska ke sanyaya shi, fankar kuma tana kan sanda ɗaya da dainamo ko altaneta, bel ɗaya ke juya su. In bel ya tsinke, caji ya tsaya, fanka ma ta tsaya, kuma fitilar caji ce kaɗai za ta gaya maka, tunda motar ba ta zo da gejin zafi ba. Idan ta kama kana tafiya, tsayawa ake yi nan take, ba a cewa bari a ƙarasa Dindima.

Ta baƙin mai tsarinta ya fi sauƙi. Ƙwan na samun wuta daga makulli, ɗaya wayar tasa ta tafi wani ɗan makunni da ke ɗaure a jikin inji. Idan babu matsin mai, makunnin na haɗa wayar da jikin inji, fitila ta kama. Mai ya taso da ƙarfi, ya buɗe shi, ta mutu. In ba ta kama ba da aka murɗa makulli, a zare wayar daga makunnin a taɓa ta a ƙarfen inji. Ta kama, makunnin ne ya lalace, kuma ba shi da tsada. Ba ta kama ba, ƙwai ne ko waya. Abin takaici shi ne sau da yawa za a tarar wayar a zare take da gangan, an lanƙwasa ta an ɓoye, saboda fitilar ta dami wani yana son sayar da motar, ko bakanike ya gaji da ƙorafi. Mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli ya ƙirga jajayen kafin ya saurari ƙarar inji.

Idan kuwa jajayen duka da gejin fetur da na zafi suka ɗauke tare, ba ƙwai ba ne, wutar da ke zuwa daga makulli ce ba ta iso ba. A duba fiyus ɗinsu, sannan farantin lantarkin da ke bayan makullin. Tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa a jikinsa shekara da shekaru na taimakawa wajen cinye shi. In ka ɗan girgiza makulli fitilu suka dawo, shi ne.

Wajen fito da akwatin mita ana son haƙuri fiye da ƙarfi. A cire kan batir mai alamar ragi tukuna. A tuna akwai igiyar mitar gudu ɗaure a baya, sai an kwance ta akwatin zai taho. A wasu motocin, kamar W123, akwai siririn bututu da ke kawo baƙin mai har bayan gejin, wanda in aka tayar da inji ba a mayar da shi ba, mai zai wanke kafet. A ɗauki hoton bayan akwatin da wayar hannu kafin a zare komai. Kuma idan mai wayarin ya ɗauko filaya ya ce zai yanke ya ja sabon layi kai tsaye daga batir, a tambaye shi a ina fiyus ɗin sabon layin zai zauna, kuma ya nuna da fitilar gwaji daidai inda wutar tsohon layin ta tsaya.